Ƙuri'a Ba Gadon Kowa Ba Ce

Zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, ya rushe wani lissafi da 'yan siyasar Najeriya suka daɗe suna dogaro da shi, cewa kowane jigo yana riƙe da jiharsa a aljihu. Bola Tinubu ya ci zaɓe da kusan kashi 37 cikin 100, amma ya sha kaye a hannun Peter Obi a Legas, jihar da ya mulka shekara takwas. A Katsina, mahaifar shugaban ƙasa na wancan lokacin, Buhari, Atiku Abubakar ne ya zo kan gaba da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 7,000 ba. Kano ta bi Kwankwaso da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya. Gwamnoni masu ci, irin su Samuel Ortom na Binuwai da Atiku Bagudu na Kebbi, sun nemi kujerar sanata sun rasa. Makonni uku bayan haka, mutanen Zamfara suka kayar da gwamna mai ci.

Mun yi murna da wannan sauyi, domin ya nuna talaka ya fara auna shugaba da tsaro da farashin abinci. Sai dai murnar ba ta cika ba. Addini da ƙabilanci sun yi tasiri sosai, kuma kashi 27 cikin 100 ne kawai na masu rajista suka fito.

Muna kira ga jam'iyyu su daina raina masu zaɓe, hukumar zaɓe ta INEC kuma ta gyara tura sakamako ta intanet tun kafin 2027, domin mutane su yarda cewa fitowarsu tana da amfani.