SHARHI: Malaman Sa-kai Da Hanyar Neman Abinci Ga 'Yan Gudun Hijirar Tibet

A garin McLeod Ganj, wanda ke saman duwatsun Dharamsala a jihar Himachal Pradesh ta ƙasar Indiya, akwai wata harka da ta daɗe tana gudana ba tare da kuɗi sun shiga tsakani ba. Baƙi masu yawon buɗe ido daga Turai da Amurka da gabashin Asiya sukan ba da sa'a guda ko biyu a rana suna koya wa 'yan gudun hijirar Tibet Turanci ko aiki da kwamfuta. Ƙungiyar Lha, wadda aka kafa a garin a 1997, tana cikin waɗanda suka yi fice wajen haɗa irin waɗannan malamai da ɗalibai. Aiki ne na alheri, babu mai musun haka. To amma ga mai duban al'amari da idon tattalin arziki, tambayar ita ce: shin wannan karatu yana kai mutum ga abin da zai ci da kansa?

A watan Maris na 1959 ne Dalai Lama ya tsere daga Lhasa zuwa Indiya, mutane kimanin 80,000 kuma suka bi sawunsa. Galibinsu manoma ne da makiyaya da malaman addini, ba su da harshen ƙasar, ba su da jari. Aikin farko da da yawa daga cikinsu suka samu shi ne fasa dutse wajen gina hanyoyin mota a tsaunukan Himalaya. Daga baya gwamnatin Indiya ta ba su filayen noma, irin na Bylakuppe a jihar Karnataka ta yanzu. Ta fuskar yara kuwa ba a yi sake ba: a 1960 aka buɗe gidan renon da ya zama makarantun TCV a ƙarƙashin Tsering Dolma, yayar Dalai Lama, bayan rasuwarta a 1964 kuma ƙanwarsa Jetsun Pema ta karɓi ragamar. A 1961 Indiya ta kafa hukuma ta musamman domin makarantun 'yan Tibet.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen manya, musamman waɗanda suka ƙetaro tsaunuka daga baya, sun wuce shekarun shiga aji ɗaya, kuma ba su da wata takardar shaida. Domin su ne aka buɗe makarantar Sherab Gatsel Lobling kusa da Dharamsala a 1993, kuma a da su ne mafi yawan masu cika azuzuwan malaman sa-kai.

A ganina, raunin koyarwar sa-kai yana tattare da abin da ya sa take da araha. Malamin da ya zo hutu zai yi mako biyu ko wata guda ya koma gida. Wanda ya gaje shi bai san inda aka tsaya ba, sai ya sake farawa daga gaisuwa da sunayen ranakun mako. Ɗalibi bai biya ko sisi ba, gaskiya ne, amma ya biya da lokacinsa, wanda da a wurin aiki ya ɓatar da shi da ya samu wani abu. Wannan asara ba ta fitowa a littafin lissafin kowace ƙungiya, saboda haka ba a cika maganarta ba. Hirar Turanci tana jure wa irin wannan sauyin malamai, har ma jin bakuna iri-iri yana ƙara wa ɗalibi kunne. Amma ɗinki, da gyaran wutar lantarki, da lissafin kuɗi, da aikin jinya ba sa jurewa. Suna buƙatar malami guda mai zama, da kayan aiki, da jarrabawar da mai ɗaukar ma'aikata ya yarda da ita. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe yaron shago ya san ba a sallamarsa da jari bayan wata guda.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, sana'o'i biyu da suka fi riƙe wannan al'umma ba daga aji suka fito ba. Ta farko ita ce saƙar darduma a Nepal. A farkon shekarun 1960, da taimakon ƙasar Suwizalan da ƙungiyar Red Cross, aka kafa cibiyar saƙa a Jawalakhel da ke kwarin Kathmandu. Masu taimakon ba su tsaya kan koyarwa ba. Sun tarar da gwaninta a hannun mutane, sai suka haɗa ta da ulu, da tsarin duba inganci, da masu saye a Turai. Zuwa farkon shekarun 1990 darduma ta zama kan gaba a cikin kayan da Nepal ke fitarwa, Jamus kuma ita ce babbar kasuwa. Da rahotannin sa ƙananan yara aiki suka bazu a tsakiyar shekarun, ga kuma kaya sun yi yawa inganci ya ragu, ciniki ya faɗi ƙwarai, wanda ya nuna hatsarin jingina da mai saye guda.

Ta biyu ita ce sayar da rigunan sanyi. Kowace shekara, daga wajen watan Oktoba zuwa Fabrairu, iyalai da dama sukan sari kaya daga masana'antun Ludhiana a jihar Punjab, sau da yawa bisa bashi da amana, su kafa rumfuna a biranen Indiya. Abin da aka samu a watannin nan shi ke ɗaukar gida har shekara ta zagayo. Sai dai matashin da ya gama jami'a ba ya sha'awar kwana a rumfar bakin titi, kuma ban ga laifinsa ba.

A nan ne doka ke shigowa, kuma babu malamin sa-kai da zai iya gyara ta. Indiya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba. Mafi yawan 'yan Tibet suna zaune ne a matsayin baƙi, da takardar rajista da ake sabuntawa, abin da ke taƙaita musu mallakar fili da shiga aikin gwamnati, ya kuma sa rancen banki ya yi wuya. A 2010 babbar kotun Delhi ta yanke cewa wanda aka haifa a Indiya tsakanin 1950 da tsakiyar 1987 ɗan ƙasa ne, a 2014 kuma gwamnati ta fito da manufa ta musamman don sauƙaƙa musu harkoki, amma aiwatarwa ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Nepal kuwa ta daina yi wa sababbin zuwa rajista tun bayan 1989. Mutum ya ƙware, takarda ta hana shi aiki: rijiya ta bayar, guga ya hana. Shi ya sa Turanci da Faransancin da ake koya a McLeod Ganj sukan zama guzurin tafiya ƙasashen yamma, ba jarin zama ba.

Har ila yau, masu buƙatar sun sauya. Kafin 2008 mutum dubu biyu zuwa uku ke isowa daga Tibet a shekara. Bayan tarzomar wannan shekara, Sin ta tsananta tsaron iyaka, adadin ya ragu matuƙa. Ɗalibin yau ya fi zama haifaffen Indiya, mai jin Hindi da Turanci, wanda abin da ya rasa shi ne sana'ar da kasuwa ke nema da jarin farawa.

Saboda haka ban ce a kori masu sa-kai ba, domin da babu gara ba daɗi. Abin da nake cewa shi ne a sa su inda za su yi amfani. A bar musu ajin hira, a kuma nemi akanta ko mai dafa abincin otal ko injiniya da zai zauna wata shida. Kuɗin masu ba da agaji kuwa ya fi kyau ya tafi wajen biyan albashin malamai 'yan Tibet na dindindin, da ƙarfafa cibiyoyi irin ta koyon sana'a da TCV ke da ita a Selakui kusa da Dehradun, da ƙaramin rance ga wanda ya gama. Kuma kafin a buɗe kowane sabon aji, a fara zuwa wurin masu otal da asibitoci da shagunan Delhi da Bangalore a tambaye su ma'aikaci nawa za su ɗauka, kuma da wace takarda.