Mai kiwon kifi, kada ka canza ruwa gaba ɗaya

Ƴan'uwa manoma, a yau ana kiwon tarwaɗa da karfasa a cikin gida, wasu a tafkin siminti, wasu a babbar roba. Da yawa idan sun ga ruwan ya yi datti, sai su kwashe shi duka, su zuba sabo. Washegari sai su tarar da kifi ya mutu, su ce cuta ce. A ganina, sau da yawa canjin ruwa na farat ɗaya ne ya kashe shi.

Ga dalili. Wani ruwa yana da tsami, wani kuma yana da kanwa, ko da harshe bai ji ba. Masana suna auna wannan da ma'auni mai suna pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kanwa ce. Kifi ya fi jin daɗi tsakanin 6,5 da 8,5. Ku lura: ruwa mai lamba 6 ya fi mai lamba 7 tsami har sau 10.

Kashin kifi da ragowar abinci suna sa ruwa ya yi tsami sannu a hankali, kifi kuma yana sabawa da shi. Idan aka jefa shi cikin sabon ruwan rijiya mai kanwa, jikinsa ba ya samun lokacin sabawa. Sai ya daina cin abinci, ko ya mutu.

Wani zai ce: ai tsabta ita ce lafiya. Gaskiya ne, barin datti ma yana kashe kifi. Amma tsabtar da ta dace ita ce ta kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Ga abin yi:

1. Ka rage kashi 1 cikin 4 na ruwan, daga ƙasa inda datti yake kwanciya.
2. Ka bar sabon ruwan ya kwana a buɗe. Idan na pampo ne, maganin kulor da ke ciki zai ragu.
3. Ka zuba shi a hankali, da safe, kafin rana ta yi zafi.
4. Kada ka zuba toka, kanwa ko lemun tsami don gyaran ruwa.
5. Sabon siminti yana sa ruwa ya yi kanwa. Ka jiƙa sabon tafki kamar mako 2, kana canza ruwan, kafin ka sa kifi.

Ruwan da ka rage kada ka zubar. Taki ne ga tumatir da salati a garka.

Kuɗin ƴaƴan kifi da na abincinsu ba kaɗan ba ne. Kada gaggawar yini ɗaya ta cinye wahalar wata 6. Wanda ya karanta, ya bayyana wa maƙwabcinsa.