Ki Gyara Wayar Inna Daga Nesa, Amma Kada Ki Bar Ƙofa A Buɗe

 Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da ya shafi zumuntarmu da aljihunmu gaba ɗaya.

Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take. To, amma duk wadda ke zaune a ƙasar Anka ko Gummi ko Bukkuyum ta san ƙafar nan ta yi nauyi a 'yan shekarun nan. Kafin mace ta shiga mota ta bi ta Daki Takwas, sai ta yi tambaya, ta yi addu'a, ta nemi gafarar mutanen gida. Saboda haka zumunta ta koma cikin waya, kuɗi ma sun bi ta. Tun lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da takardun naira suka yi wuyar gani, tsofaffi da yawa suka buɗe asusu a waya ba don suna so ba, sai don tilas.

Ga inda matsalar take. In wayar Inna ta rikice, wa take kai wa? Sai ta aiki yaro wurin mai cajin waya a bakin kasuwa, wani lokaci har da lambar sirrinta a rubuce a 'yar takarda. Haka ya faru ga wata gwaggona. Wayar ta dawo a gyare, amma kuɗin adashinta da ta kwasa a wannan makon sun yi ƙafa, har yau kuwa ba mu san hannu nawa wayar ta bi ba. Ban ce masu caji duk macuta ne ba, akwai masu amana da yawa a cikinsu, amma wayar da ta fita gida ba ki san inda za ta kwana ba.

Ra'ayina shi ne, kowane gida ya sami 'ya mace ɗaya da ta iya duba wayar iyayenta daga nesa. Abin ba shi da wuya, kuma ba a biyan ko kwabo sai kuɗin data. Hanya mafi sauƙi ita ce WhatsApp. Tun 2023 suka sa wani maɓalli wanda in kuna kiran bidiyo, Inna za ta danna, sai fuskar wayarta ta bayyana a taki. Ke ba ki iya taɓa kome, sai dai ki ce, "Inna, danna koren can na ƙasa." In gyaran ya fi ƙarfin haka, akwai TeamViewer da AnyDesk, dukansu na kamfanonin Jamus ne, kuma kyauta ne ga mai amfanin kansa ba don kasuwanci ba. Wayar Inna za ta nuna wasu lambobi, ta karanta miki, ki rubuta a taki, ita kuma ta danna wurin amincewa. A wayoyin Android da yawa, daga nan sai ki riƙa sarrafa wayarta kamar tana tafin hannunki.

Wata ɗaliba ta tambaye ni, yaya waya a Gusau za ta shiga waya a Gummi alhali an ce akwai katangar tsaro da ke hana baƙo shiga? Na ce mata ta dubi gidan aure. An rubuta "Ba Shiga" a bakin zaure, baƙo ba ya wucewa. Amma matar gida tana aiken yaro waje, ya je ya dawo da saƙo, ba mai tare shi. Haka katangar take, tana hana na waje shigowa, ba ta hana na ciki fita. To, wayarki ta aiki yaronta, wayar Inna ta aiki nata, su biyun su haɗu a babbar na'urar kamfanin, watau kamar gidan da kowa ya sani, sa'an nan su riƙa kai da kawowa. Abin lura a nan shi ne, daga ciki ake buɗe ƙofar. Ba mai shiga sai wanda matar gida ta yarda masa.

Wannan kuwa shi ne haɗarin. Ɗan damfara ba ya fasa katanga, sallama yake yi. Zai bugo da murya mai daɗi ya ce daga banki ne, ko daga ofishin raba tallafi, ya ce a sa manhaja kaza a karanta masa lambobin. Da an karanta an amince, to, an ba kura ajiyar nama, domin yana ganin duk saƙon da ya shigo, har da lambar nan da banki ke aikowa kafin a fitar da kuɗi. Ba a ƙasarmu kaɗai ba, a 2019 babban bankin Indiya sai da ya yi gargaɗi a kan masu amfani da AnyDesk suna kwashe kuɗin jama'a.

Na san wasu magidanta za su ce, tun da haka ne a hana mata abin baki ɗaya. Ni ban yarda ba. Jahilci bai tsare gwaggona ba, shi ne ma ya fitar da wayarta daga ɗaki. Wadda ta san yadda ƙofar ke buɗewa ita ce za ta san lokacin rufe ta.

Saboda haka ga shawarata. Na farko, kada a ba kowa lambobin nan sai ɗa ko 'ya ko ɗan'uwan da aka ji muryarsa aka tabbata, kuma Inna ita za ta kira, ba a kira ta ba. Na biyu, kada a buɗe asusun banki ko a rubuta lambar sirri muddin wani yana kallon fuskar wayar, ko da 'yar cikinki ce. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Na uku, da an gama a katse, in da hali a goge manhajar sai wata rana.

Ku kuma 'yan makaranta, wayar uwa ɗakinta ce. In an kira ki gyaran fitila, kada ki buɗe adaka. Saƙonninta da hotunanta amana ce a wuyanki. Daɗin daɗawa, kada ki yi mata aikin ki tafi, ki sa ta maimaita da hannunta har sau uku. Mun ga abin da ya faru a watan Satumba na 2021, da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta sa aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara. Gusau ta sami nata a farkon Oktoba, sauran wurare kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A irin wannan rana ba manhajar da za ta kai ki Bukkuyum, abin da Inna ta koya da kanta shi kaɗai zai amfane ta.

Ina roƙon malamai 'yan'uwana su ware ɗan lokaci su nuna wa 'yan mata wannan, iyaye maza kuma su ba da goyon baya. Allah ya kawo mana zaman lafiya, zumunta ta koma ƙafa, amin. Wassalam.