Jak ba ginshiƙi ba ne, ku hiddo yaro daga ƙarƙashin motar

Da hutun lakkwal ya zo, ƙofar gidajen masu Hiyas a Maradi, Damagaram da Tawa sai ta zama garaji. Maigida ya cusa jak, wanda makanikanmu ke ce ma kirik, ya ɗaga gindin motar, sannan ya kira ɗansa ko ɗan ƙanensa: “Kai ne siriri, shiga ka kwance mini wancan noti.” Ni ban yarda a kira wannan koyon sana’a ba. Ganganci ne da ran ɗan mutum, mu iyaye da malamai kuwa muna gani muna wucewa.

Toyota Hiace ba fasinja ba kaya tana kusan tan 2. Jak mai aiki da mai kuwa, abin da ke riƙe wannan nauyin ɗan zoben roba ne da bawul. Robar ta tsufa ko bawul ya saki, mota ta sauko. An ƙera jak don ya ɗaga, ba a ƙera shi don ya riƙe mota bisa ƙirjin mutum ba. Wanda ta danne sau da yawa ko ihu ba ya iyawa, don nauyin ya hana shi jan numfashi.

Masu cewa “ai na ja birkin hannu, na sa giya” su saurara. A Hiyas birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, giya ma galibi su take riƙewa, don su ne ke tura motar. Ka ɗaga baya, ka raba su da ƙasa, to me ya rage? Tayoyin gaba, waɗanda ba abin da ya ɗaure su. Ga ƙasarmu ta rairayi, inda gindin jak ke nutsewa ya karkace. Ga bulon siminti mai rami da ake jerawa a matsayin waigi, wanda ba ya gargaɗi, farat ɗaya yake rugujewa.

Yin abin daidai ba shi da wuya. A sauke kaya duka. A nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, in rairayi ne a aza katako mai kauri da faɗi ƙarƙashin jak. A tokare tayoyin da za su zauna ƙasa, gaba da bayansu. A sassauta notocin taya tun motar tana ƙasa, don jijjiga ta a sama shi ke ture jak. A ɗora jak a wurin da kamfani ya nuna, kan shasi ko aksil, ba jikin kwano ba. In ta tashi, a sa ƙafafun ƙarfe biyu, su ne makanikai ke kira shandel, waɗanda nauyin da aka rubuta a jikinsu ya isa na motar, a sauke ta ta zauna a kansu. A girgiza ta da ƙarfi a gani. Tayar da aka cire a tura ta kwance ƙarƙashin shasi. Kuma kada kowa ya shiga shi kaɗai ba wani a kusa.

Za a ce shandel kuɗi ne. Mai motar da ke zuba gazuwal kullum ba zai ce mini ƙarfe biyu sun fi ƙarfinsa ba, bare in an auna su da kuɗin asibiti. Za a ce shekara 20 ana yi haka ba abin da ya faru. Sa’a ce kawai, ita kuwa ba ta faɗin ranar da za ta ƙare. In ta auku kuma a ce ƙaddara. Ban musa ƙaddara ba, amma wanda ya san bulo na fashewa ya tura yaro ƙarƙashinsa, sakacinsa na wuyansa.

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara 14 aiki, ko da a matsayin ɗan koyo ne. A gida ba mai zuwa duba mu, saboda haka mu ne dokar.

Uba, ranar da za ka miƙa ɗanka garaji, kafin ka tambayi kuɗin abincin rana ka ce ma maigidan ya nuna maka shandel ɗinsa. In ba shi da su, ka riƙe hannun ɗanka ku wuce gaba. Malamai, ko a aji na firamare ne ko a cibiyoyin koyon sana’a na CFM, minti 10 sun isa. Ku koya ma yaro cewa yana da ikon ya ce cikin ladabi: “Baba, a sa waigi tukuna, sannan in shiga.” Mu kuma manya, in yaro ya faɗi haka, kada mu ce ya yi rashin kunya.