Maganin Siddha: gadon da aka kai aji

A jihar Tamil Nadu ta Indiya akwai maganin gargajiya da ake kira Siddha. A wurinsu, lafiya ita ce daidaito tsakanin iska, zafi da majina a jiki. Mai magani yakan taɓa jijiyar hannu, ya duba harshe, ido da fitsari, ya tambayi abin da kake ci.

Ni malami, abin da ya burge ni shi ne sun kai shi makaranta: sai an yi shekara 5 da rabi ana karatu kafin a samu digiri. Duk da haka, wasu haɗe-haɗensu na ɗauke da zaiba, wadda ke iya lalata ƙoda.

Iyaye, daɗewar magani ba ta wanke shi. Kafin a ɗura wa yaro, a san abin da ke ciki da awonsa.