Kwamfutar da muka sayo a Bur Dubai, a ina za ta ƙare?

Duk ɗan kasuwarmu da ya taɓa hawa kwale-kwalen abra daga Deira ya tsallaka Bur Dubai ya san titin Khalid bin Al Waleed, wanda ake kira titin kwamfuta, ya kuma san shagunan Al Ain Centre. Daga nan, da rumbunan Sharja, ake haɗo kaya, sababbi da na hannu, su sauka Beirut Road da Farm Centre a Kano. Sana'a ce ta halak, ban raina ta ba. Ɗalibai da yawa ta dalilinta suka fara mallakar kwamfuta.

Ƙarshen kayan ne ke damuna. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki, kashi 22.3 cikin ɗari kacal aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa. A Afirka ko kashi ɗaya bai cika ba. Ita Dubai tun 2019 tana da masana'antar Enviroserve, mai iya sarrafa tan 39,000 a shekara, don haka kwamfutar da ta mutu a can tana da inda za a kai ta. Wadda numfashinta ya kusa ƙarewa ita muke saye da araha, ta zo ta cika a hannun yaro ɗan jari bola. Ya fasa ta da dutse, ya banka wa wayoyin wuta don ya ciri jan ƙarfe, ya shaƙi baƙin hayaƙin, dalma kuma ta bi ƙasa har rijiyar unguwa. Yaron nan ɗan wani ne, kuma tarin da zai kama shi ba ya cikin lissafin ribar kowa.

Tun 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10. Ofisoshi na sauke tsofaffin injuna, kuma mun san inda da yawansu za su nufa. Araha dai ba ta ado.

Dokar 2011 ta hukumar kare muhalli ta Najeriya, NESREA, ta hana shigo da na'urar da ba ta aiki. Alhaji, kafin ka biya kuɗin tuli guda a Bur Dubai, sa a kunna maka kowace ɗaya. Wadda ta ƙi tashi ka bar musu abarsu. Su kuma shugabannin Farm Centre da Beirut Road, ina roƙonsu su ware shago ɗaya na karɓar matattun kwamfutoci da batura, a riƙa biyan yaran jari bola kuɗin kowace guda da suka kawo ba a fashe ba.