Allurar Haƙori Da Ido: Kar A Gudu Gara A Tadda Zago

Ka taɓa jin ana cewa cire haƙorin sama yana makantar da mutum? A majalisa ana faɗa, a WhatsApp ana turawa, har wani ya gwammace ya kwana uku yana cusa kanumfari a kogon haƙori da ya je asibiti. To, maganar akwai ƙamshin gaskiya, amma an ƙara mata gishiri.

Allurar kashe zafi da likitan haƙori ke yi galibi lidoken ce, maganin da aka fara haɗawa a Suwidin a 1943. Jefi-jefi maganin kan shiga jijiyar jini ya bi ta har bayan ido, ko ya malala ya taɓa jijiyoyin da ke juya ƙwayar ido. Sai mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu, ko fatar ido ta sauko, ko gani ya dushe. Idan kuma allurar haƙorin ƙasa ta zarce can kusa da kunne, gefen fuska ya saki, ido ya ƙi rufuwa. Akwai firgici, ba musu. Amma kusan kullum abin yana warwarewa cikin mintoci ko 'yan awanni, da zarar maganin ya saki. Shi ya sa ƙwararre ke ɗan jan sirinji baya kafin ya tura, don ya tabbatar bai shiga jijiyar jini ba.

Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne ruɓaɓɓen haƙorin da ka ƙyale. Mugunyar haƙorin sama tana iya haurawa zuwa kwarmin ido, har ma ƙwaƙwalwa. Wannan kam ba ya warwarewa da kansa.

Don haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, kar ka miƙa bakinka ga wanzami ko mai kemis saboda arha. Nemi likitan da ke da rajistar hukumar MDCN. Idan daga Guri, Auyo ko Kirikasamma ka shigo Haɗeja, zo da wanda zai mayar da kai. Mai ganin hanya bibbiyu ba shi da haɗi da tuƙa babur. Ka ji sauyi a ido, faɗa wa likita nan take. Ido ya ƙi rufuwa, a rufe shi da bandeji, kar ka murza. Magani ya saki gani bai dawo daidai ba, sai wajen likitan ido a ranar.

Kafin ka sake tura saƙon nan na tsoratarwa, tuna: wani zai karanta ya fasa zuwa asibiti.